Me raƙumi mai tozo biyu yake yi a kaburburan Sinawa?

Wani malami da ke koyar da tarihi a makarantar sakandare ya aiko mini da tambaya. Ya ce ya ga hoton wani raƙumi na yumɓu mai tozo biyu, ya ɗaga kai sama baki a buɗe, jikinsa na sheƙi da launin kore da ruwan zuma, an rubuta a ƙasan hoton cewa daga ƙasar Sin yake kuma ya haura shekara 1,200. Abu uku yake so ya sani: me ya haɗa Sinawa da raƙumi, ko gunki ne da ake bauta wa, kuma ko da gaske ne a bayan irin waɗannan raƙuma aka riƙa kwasar siliki daga Sin har Rum.

Malam, bari in fara da mai sauƙin. Ba gunki ba ne. Ba a durƙusa masa, ba a yi masa yanka, ba a roƙonsa komai. Kayan rakiyar mamaci ne, irin waɗanda Sinawa ke kira mingqi. Mutanen Sin na wancan zamani sun ɗauka cewa wanda ya mutu zai ci gaba da zama a ƙarƙashin ƙasa kusan yadda ya zauna a duniya, don haka yana bukatar barori, dawakai, makaɗa, rumbu, murhu, har da karen gida. A zamanin da can, lokacin daular Shang, mutane na gaske da dawakai na gaske ake binnewa tare da sarki. Sannu a hankali aka koma yin madadinsu da itace da yumɓu. Sojojin nan na yumɓu da manoma masu haƙar rijiya suka tono kusa da Xi'an a 1974, na sarkin farko da ya haɗe Sin wanda ya mutu a shekara ta 210 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wannan al'adar ce ta kai maƙurarta.

Raƙumi bai shigo cikin wannan rakiya da wuri ba. A kaburburan daular Han abin da ya fi yawa shi ne alade, kare, kaza, doki da shanu, raƙumi kuwa sai jefi-jefi. Ya fara yawaita ne a zamanin daular Wei ta Arewa, daga 386 zuwa 534, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Sarakunan wannan daula asalinsu makiyaya ne, 'yan ƙabilar Xianbei daga filayen arewa. A wurinsu raƙumi dabbar ƙaura ce da ta yaƙi, shi ke ɗaukar gida in an tashi. Shi ya sa in ka duba raƙuman yumɓu na ƙarni na 6, abin da ka fi gani a gefen tozonsu shi ne sandunan tanti da naɗaɗɗen bargon ulu. Wannan kayan mai ƙaura ne, ba hajar ɗan kasuwa ba. Riƙe wannan a zuciya, za mu dawo kansa.

Wanda ka gani a hoto, bisa yadda ka kwatanta launinsa, na zamanin daular Tang ne, wadda ta yi mulki daga 618 zuwa 907. Sunan wannan aikin sancai, ana furta shi kusan "santsai", ma'anarsa launi uku. Kullum na faɗa wa ɗalibai sunan sai wani ya ce ai santsi ne, kuma bai yi nisa da gaskiya ba, don jikin abin sumul yake kamar an zuba masa zuma.

Yadda ake yin sa ya cancanci a tsaya a kai, domin a nan ne ake gane cewa sana'a ce ta masu yawa, ba aikin gwani ɗaya da ya zauna ya sassaƙa ba. Ana samun farin yumɓu, a kwaɓa, a danna shi cikin mazubi mai ɓari biyu. Kai daban, wuya daban, gangar jiki daban, ƙafafu daban, sai a harhaɗa su tun suna da danshi, a goge mahaɗin. Cikinsa fanko ne, kuma yawanci akwai kafa a ƙarƙashin cikin don iska ta fita, in ba haka ba ya fashe a wuta. Bayan an haɗa ne mai hannu zai zo ya gyara ido da hanci da gashin wuya. A nan ake bambanta na attajiri da na yaku-bayi, don mazubi ɗaya na iya fitar da raƙuma da yawa, amma gyaran hannu shi ke sa ɗaya ya zama kamar zai yi kuka. Sai a gasa shi gashin farko a wuta mai zafin digiri 1,000 ko fiye da haka. In ya huce a shafa masa ruwan sheƙi, wanda ginshiƙinsa dalma ce, a mayar da shi matoya a wutar da ba ta kai ta farko ba, wajen digiri 800 zuwa 900. Dalma ce ke sa ruwan ya narke da wuri ya kuma kwaranya. Launin kuwa daga ƙarafa yake fitowa: baƙin ƙarfe na ba da ruwan zuma zuwa ruwan ƙasa, jan ƙarfe na ba da kore, inda aka bar ruwan ba gauraye sai farin yumɓun ya bayyana. Akwai shuɗi da ake samu daga wani ƙarfe mai suna kobal, mai tsada ne ƙwarai, ba kowane kabari ake ganinsa ba. Wannan tsiyayar launi da ke gangarowa a ƙafafun raƙumin, wani ya shiga cikin wani, ba kuskure ba ne. Maginan sun san dalma za ta gudu, suka bar ta ta gudu. Fuskokin mutane kuwa ba sa shafa musu ruwan, don kada ido da baki su narke. Da fenti ake zana su bayan an gama gashi, shi ya sa yau za ka ga fuskar mai jan raƙumin ta koɗe alhali rigarsa na nan kamar jiya aka yi.

Mafi shaharar matoyar wannan aiki tana Gongyi a lardin Henan, ba nisa da Luoyang, birni na biyu na daular, an kuma gano wasu a Shaanxi da cikin tsohon birnin Chang'an kansa, hedikwatar daular Tang, inda Xi'an take a yau. Yayin abin bai daɗe ba. Daga ƙarshen ƙarni na 7 zuwa tsakiyar na 8 ne ya yi tashe, wato bai cika shekara 100 ba.

Akwai wani abu da mutane ke mantawa: kafin a binne waɗannan kaya, sai an zaga da su cikin gari. Ranar jana'izar babban mutum ana jera su a kan amalanke a bi titi da su jama'a na kallo. Gwamnati na da ofishi na musamman da ke kula da yin su, akwai kuma doka kan yawan da kowa zai samu gwargwadon muƙaminsa. Manyan ma'aikatan fada suna da damar guda 90, ƙananan cikinsu 40. A shekarar 741 aka rage, manya suka koma 70, ƙanana 20, talaka aka yanke masa 15. Ba a yin doka kan abin da ba a wuce gona da iri a cikinsa ba. Tun a 712 wani ma'aikacin fada mai suna Tang Shao ya rubuta wa sarki ƙorafi cewa mutane na ƙera mutum-mutumi da dawakai kamar masu rai, ba don ladabi ga mamaci ba, sai don su burge masu wucewa a hanya, har gidaje na tsiyacewa a kan gasa. Ka ga ke nan raƙumin na da aiki biyu: yi wa mamaci hidima a can, da nuna wa maƙwabta arzikin gidan a nan.

In kana son ka ga gwanintar a ƙolinta, nemi hotunan guda uku. Na farko raƙumin kabarin Xianyu Tinghui, wani jami'in soja da aka binne a 723, wanda aka tono kusa da Xi'an a 1957, yanzu yana gidan tarihi na ƙasa a Beijin. An shimfiɗa darduma a bayansa, mutum 5 na kai, huɗu a zaune da kayan kiɗa, ɗaya a tsaye a tsakiya yana rawa, uku daga cikinsu baƙi ne masu gemu. Na biyu wanda aka samu a ƙauyen Zhongbao a 1959, yana gidan tarihin Shaanxi, shi makaɗa 7 yake ɗauke da su da mace guda a tsaye tana waƙa. Duk wanda ya taɓa hawa raƙumi ya san mutum takwas ba za su zauna a bayansa suna busa sarewa ba. Maginin ma ya sani. Na uku su ne kayan kabarin Janar Liu Tingxun da ya mutu a 728, suna gidan tarihin Birtaniya a Landan: masu gadi, ma'aikatan fada, dawakai biyu, raƙuma biyu da masu kula da su. Liu Tingxun soja ne kuma ma'aikacin gwamnati, ba a san shi da fatauci ba. Haka yawancin waɗanda aka samu raƙuma a kabarinsu: 'ya'yan sarauta, hafsoshi, manyan ma'aikata da matansu.

Dabbar kanta fa? A nan maginan Tang ba su yi ƙarya ba ko kaɗan, don sun san ta ido da ido. Raƙumi mai tozo biyu ɗan tsakiyar Asiya ne, ana danganta shi da Baktiriya, yankin arewacin Afganistan na yau. Ya fi namu gajerun ƙafafu da kaurin jiki, kuma da sanyi yana fitar da gashi mai kauri a wuya da tozo da saman ƙafafun gaba, ya zubar da shi in zafi ya shigo har ya zama abin tausayi. Duba raƙumin yumɓun da kyau za ka ga an zana wannan gashin a daidai waɗannan wuraren. Za ka kuma ga tozayen biyu sun karkata, ɗaya hagu ɗaya dama, kamar yadda suke yi a jikin mai rai. Tozo kitse ne, ba ruwa ba, kamar dai na raƙumanmu. Abin da ya fi namu da shi shi ne jure sanyi: hamadar Gobi kan sauka ƙasa da digiri 30 a ƙarƙashin sifili da hunturu, ta kuma kai 40 da bazara, shi kuwa yana rayuwa a duka biyun, in ruwa ya daskare ya ci ƙanƙara. Yana cin ƙaya da ciyawa mai gishiri da doki ba zai ko sunsuna ba. Yana ɗaukar kaya wajen kilo 200 ya yi tafiyar kilomita 30 zuwa 40 a yini, kwana da kwanaki.

Tsofaffin littattafan tarihin Sin sun kawo wani labari game da hamadar da ke yankin Shanshan, cewa akwai wata iska mai zafi da ke kashe matafiya, kuma tsofaffin raƙuma ne kaɗai ke jin zuwanta. Sai su taru su yi ta kuka, su cusa baki da hanci cikin yashi, mutane su gani su yi maza su rufe fuska da bargo. Wasu masana na ganin wannan ne ma'anar raƙumin da ya ɗaga kai yana kuka. Ni ban kai can ba. Raƙumi na kuka in an ɗora masa kaya, yana kuka in an ce ya tashi, yana kuka in an ce ya durƙusa, kuma magini ya san buɗaɗɗen baki da haƙora da harshe sun fi rufaffen baki jan ido.

Wannan raƙumi ba baƙo ba ne ga mai karatun hadisi. Kalmar nan "bukht" da ta zo a Sahihu Muslim, inda aka kamanta kawunan wasu mata da karkatattun tozayen bukht, raƙuman wajen Hurasan take nufi, ba na Larabawa ba. Mutanen Farisa da maƙwabtansu sun daɗe da gano cewa in aka haɗa mai tozo biyu da taguwa mai tozo ɗaya, ɗan da za a haifa ya fi iyayensa girma da ƙarfin ɗaukar kaya, suka mai da kiwon irinsa sana'a. Har a cikin kayan Tang ana samun raƙumi mai tozo ɗaya nan da can, alamar cewa shi ma ya taɓa isa Chang'an.

Wanda ke jan akalar kusan kullum ba Basine ba ne. Ana yin sa da dogon hanci, kwarmin ido, cikar gemu, hula mai tsini da doguwar riga mai buɗaɗɗen wuya. Yawanci hoton Sogdiyawa ne, mutanen Samarƙandi da Buhara, garin da daga baya ya haifi Imamu Buhari a 810. Harshensu dangin Farisanci ne, yawancinsu a lokacin masu bin addinin Majusawa ne, kuma daga ƙarni na 4 zuwa na 8 su ne fataken wannan hanya. Sun kafa unguwanni a garuruwan da ke kan hanya tun daga ƙasarsu har cikin Sin, kowace unguwa da shugabanta. Sunan sarautar shugaban a bakin Sinawa sabao, asalin ma'anarsa jagoran ayari, wato madugu, amma da tafiya ta yi tafiya ya zama kamar sarkin zango: gwamnati ce ke naɗa shi ya kula da baƙi 'yan'uwansa. An tono kaburburan wasu daga cikinsu a Xi'an, kamar na An Jia da ya mutu a 579, da gadon dutse mai zanen liyafa da farauta da ayari.

Yanzu ga tambayarka ta uku, wadda ita ce mai nauyi. Amsata ita ce hoton nan da ke cikin littattafan makaranta, na dogon jerin raƙuma da suka taso daga Chang'an ba su tsaya ba sai Rum, ba haka abin yake ba. Sunan "hanyar siliki" ma ba na mutanen lokacin ba ne. Wani masanin ƙasa Bajamushe, Ferdinand von Richthofen, shi ya yaɗa shi a 1877. Ba hanya ɗaya ba ce, hanyoyi ne da ke rarrabuwa su sake haɗuwa. Daga Chang'an a bi ta zirin Hexi, siririyar hanyar da ta ratsa lardin Gansu, zuwa Dunhuang, daga nan a kauce wa hamadar Taklamakan ko ta arewa, ta Turfan da Kucha, ko ta kudu, ta Khotan, a haɗu a Kashgar, sannan a hau duwatsu. Tsakanin Chang'an da Samarƙandi kaɗai ya haura kilomita 3,500. Kaya na tafiya ne hannu zuwa hannu, kasuwa zuwa kasuwa, kowa na juyawa a yankin da ya sani.

Mun san haka ne ta wata hanya mai ban mamaki. A maƙabartar Astana da ke Turfan, mutane kan ɗauki tsofaffin takardun ofis da na kasuwa su yanka su ɗinka wa mamaci takalmi da hula da ɗamara. Ƙasar busasshiya ce, takardun ba su ruɓe ba. Masana suka warware takalman suka jera guntayen, sai ga rasit na haraji, yarjejeniyar bashi, ƙarar kotu, da takardun izinin tafiya. Waɗannan takardun izini suna lissafa kowane mutum da kowace dabba da ke cikin ayari, don ana ƙirga su a kowace ƙofa. Abin da suka nuna shi ne ayari ƙanana, mutum biyar, mutum goma, wani lokaci su haɗu da wasu don tsoron 'yan fashi. Dabbobin kuwa jakuna ne da dawakai da alfadarai da shanu suka fi yawa. Akwai takardar wani ɗan kasuwa mai suna Shi Randian ta shekarar 732, yana zirga-zirga tsakanin garuruwan Gansu da Hami, da 'yan rakiya uku da jakuna 10.

Wannan bai kamata ya ba Bahaushe mamaki ba. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayo goro da jakuna da takarkarai da 'yan alaro suka yi tafiyarsu, raƙumi kuwa aikinsa ayarin gishirin Bilma da ƙetare Sahara. Kowace dabba da ƙasarta. A can ma haka ne: inda akwai rijiya da ciyawa a kowane zango jaki ya fi araha, a kan dutse doki da alfadari da saniyar Tibet mai gashi sun fi dacewa, raƙumi kuma sai inda za a yi kwanaki ba ruwa ko inda sanyi zai kashe sauran. Ga shi da tsada. Wata takardar farashin kasuwar Turfan ta shekarar 743 ta sa raƙumin Farisa mai kyau a kan turmi 33 na siliki, dokin Turkawa mai kyau kuma turmi 20.

Ka lura da turmi aka auna farashin. Siliki a wannan hanya kuɗi ne kafin ya zama haja. Kwabban tagulla na Sin suna da nauyi, hatsi na lalacewa, amma turmin siliki mai awo ɗaya ba ya nauyi kuma kowa na karɓa. Babban mai tura siliki yamma kuwa ba ɗan kasuwa ba ne, gwamnatin Tang ce, don biyan sojojin da ta girke a iyaka. A wajen shekarun 730 zuwa 740 tana aika kimanin turmi 900,000 duk shekara zuwa sansanoninta na yamma. Sojoji su kashe shi a kasuwa, Sogdiyawa su saye su yi gaba da shi. Kuɗin ƙarfen da ya fi yawo a Turfan kafin nan kuwa azurfar Farisa ce. Abokin cinikin Sin na kusa Farisa ce da Sogdiya da Indiya. Rum kuwa galibi jin labarinta ake yi.

Kayan da 'yan kasuwa ke ɗauka ƙanana ne masu tsada. A 1907 wani mai binciken kayan tarihi, Aurel Stein, ya tsinci wata jakar wasiƙu a kangon hasumiyar gadi kusa da Dunhuang, rubutun Sogdiyawa na wajen shekarar 313, waɗanda ba su taɓa isa inda aka aika su ba. A ciki ana maganar azurfa, zinariya, masoro, almiski, alkama da tufafi, duk a ƙananan ma'auni. Ɗaya daga cikin wasiƙun na ba da labarin ƙone Luoyang da yunwar da ta kashe 'yan'uwansu a can. Biyu kuma na wata mata ce mai suna Miwnay da mijinta ya bari a Dunhuang ita da 'yarta ba ko sisi, tana cewa da ta san haka ne da ta auri kare ko alade. Wannan ita ce hanyar siliki a bakin waɗanda suka bi ta.

To in haka ne, me ya sa raƙumi ya cika kaburbura, jaki kuwa da ƙyar ake ganinsa? Saboda kabari ba rasit ba ne. Jaki na kowa ne, yana kowace kasuwa, ba ya nuna komai. Raƙumi kuwa in ya shigo Kasuwar Yamma ta Chang'an, birnin da ake ƙiyasta mutanensa sun kai miliyan guda, da shi da baƙon da ke jansa, kowa ya san daga nesa suke, daga inda ake kawo gilashi da turare da dawakai da kiɗan da fada ke yayi. A wancan ƙarni manyan Tang sun kamu da son kayan yamma: sutura, rawa, abinci, har wasan ƙwallon doki. Sa raƙumi a kabari kamar cewa ne mai wannan gida duniya ce ke kawo masa kaya. Duba lodin da kyau ka gani. Akwai murɗaɗɗen zaren siliki da naɗaɗɗen yadi, gaskiya ne. Amma akwai buta mai faɗin ciki, tukunya, sandunan tanti da aka gada tun zamanin Wei, zomo ko tsuntsun da aka farauto yana reto, da manyan jakunkuna biyu masu fuskar dodo da haƙora waje. Wannan fuskar dodon ta fi kama da ta masu gadin kabari fiye da mangalar ɗan kasuwa. Na fi karkata ga ra'ayin masu cewa lodin guzurin mamaci ne aka yi masa siffar kayan ayari. Kada kuma a manta gwamnati da manyan gidaje na da garkunan raƙuma a Gansu da Shaanxi don dakon kayan soja da na fada, saboda haka janar da aka binne da raƙumi biyu ba lallai yana mafarkin Samarƙandi ba ne, wataƙila a duniya ma yana da su.

Abin da ya kashe yayin shi ne tawayen An Lushan a 755, wani janar da shi kansa jinin Sogdiyawa da Turkawa ne. An yi shekara 8 ana yaƙi, aka ci Luoyang da Chang'an, gwamnati ta janye sojojinta daga yamma, mutanen Tibet suka mamaye zirin Hexi. Turamen silikin albashi suka daina zuwa, kasuwannin hamada suka koma cinikin gida. Manyan gidaje suka talauce, baƙi suka fara sauya suna don gudun zargi, manyan raƙuman sancai suka yi ƙaranci a kaburbura. Ciniki mai nauyi ya koma teku. A 1998 masu nutso suka ci karo da wani jirgin ruwa irin na Larabawa, wanda aka ɗinke katakansa da igiya, nutse kusa da tsibirin Belitung na Indonesiya. Yana ɗauke da kayan tangaran na Sin kusan 60,000, ɗaya daga cikin kwanukan da kwanan wata na shekarar 826. Kaya mai nauyi da saurin fashewa irin wannan ba na bayan dabba ba ne. Raƙumin dai bai yi ritaya ba. Shi ya riƙa kai ganyen shayi ta Mongoliya zuwa iyakar Rasha bayan yarjejeniyar Kyakhta da Sin da Rasha suka ƙulla a 1727, kuma har farkon ƙarni na 20 raƙuma ne ke shigo da gawayin kwal cikin Beijin.

Su kuwa na yumɓun sun yi shekara fiye da 1,000 a duhu, har Sinawa suka kusan manta da su. A farkon shekarun 1900, da ake shimfiɗa layin dogo ta tsaunin Mang a arewacin Luoyang, ma'aikata suka yi ta fasa kaburbura suna fito da su. Da yawa an farfasa su nan take, don kayan mamaci abin camfi ne, ba mai son su a ɗakinsa. Masana irin su Luo Zhenyu ne suka fara ba su daraja, dillalan Turai suka kwashe da yawa, shi ya sa kusan kowane babban gidan tarihi a Turai da Amurka ke da nasa. Farashi ya yi ta hawa, har a 1989 aka sayar da wani dokin sancai a Landan kan fam miliyan 3 da dubu 740.

Inda kuɗi ya kai haka, jabu ba ya nisa. A ƙauyen Nanshishan kusa da Luoyang sana'ar mutane ce yin sababbi, yawanci a fili suke sayar da su a matsayin kwaikwayo, amma in sun bar hannunsu sukan tsufa a hanya. Idan wani ya taɓa nuna maka irinsa ya ce na Tang ne, gwajin da ake dogara da shi shi ne a huda a ɗebi ɗan garin yumɓun, a zafafa shi a ɗakin bincike a auna hasken da yake fitarwa, wanda ke nuna tsawon lokacin da ya wuce tun gashinsa na ƙarshe. Masu jabu sun san da wannan, sukan gina sabon raƙumi a kan tsohon gindi ko su cusa gutsattsarin tsohon yumɓu a inda suka san za a huda, don haka ake ɗiban samfur daga wurare da yawa a kuma haska shi da na'urar ɗaukar hoton ƙashi. Na gaske kusan kullum yana da gyara a wuya ko ƙafafu, don rufin kabari kan rufta, ruwa kan shiga. Wanda aka kawo maka lafiya lau ba ko tsaga, shi ya fi cancantar a tuhume shi.